Neman kalma: me za mu kira irin su Gashaka-Gumti da Hausa?

Mai fassara:
Salamu alaikum jama'a. Yau kalmar da ta tsaya mana a wuya ita ce wadda Turawa ke cewa national park, wato dajin da gwamnatin ƙasa ta keɓe don kare namun daji da itatuwansa. Misalin da nake so mu riƙe shi ne Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har ya jingina da iyakar Kamaru. Shi ne mafi girma a Nijeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. A rediyo da jaridu na ji suna huɗu: wurin shaƙatawa na ƙasa, gidan namun daji, gandun daji, da gandun namun daji. Ko ɗaya bai kwanta mini ba. Wanda ya san wurin ya taimaka.

Malamar firamare:
Wa alaikumus salam. Malam, a fara jefar da wurin shaƙatawa. In na ce wa ɗalibaina za mu wurin shaƙatawa, lilo da askirim za su sa a rai. Gidan namun daji kuwa kowa ya san na keji ne, irin na Kano. A can dabba ce a tsare mutum yana yawo, a Gashaka kuwa dabbar ce a gidanta, kai ne baƙo.

Tsohon malamin daji:
'Yata ta yi gaskiya. Amma ku bi a hankali da gandun daji ma, don a wajen aikinmu sunan yana da mai shi. Gandun daji shi ne wanda aka shata tun zamanin En'e, kuma ba a hana taɓa shi ɗungurungum ba. Mai lasisi yana yankan katako, ana sa wa itacen hatimi, gwamnati ta karɓi kuɗinta. Mutanen ƙauyen da ke gefe sukan sami izinin ɗiban busasshen ice ko ciyawar jinka. Wato ajiya ce da ake ci da lissafi. Ai kalmar ma daga gona ta fito, gandun gida, gandun sarki, wurin da ake wa aiki don a girba.

Shi kuwa wannan da kuke magana dokarsa daban. Ba sara, ba farauta, ba haƙar ma'adinai, ba sa wuta sai wadda ma'aikata suka sa da kansu. Kuma ba na jiha ba ne. Gashaka da Gumti sun fara ne a matsayin gandun namun daji a 1972, lokacin tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas, sai a 1991 gwamnatin tarayya ta haɗe su wuri guda ta karɓa. Na Tafkin Kainji ya riga su, tun 1979. Yankari kuwa ta bi hanyar ta dawo: an keɓe ta a 1956, ta koma hannun tarayya a 1991, aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. To in duka gandun daji ne, da wane baki za ka gaya wa mai karatu abin da ya canza a waɗannan shekaru?

Ɗan jarida:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma mu a ɗakin labarai gandun daji na ƙasa muke cewa, kuma ba a taɓa bugo waya an ce ba a gane ba. Kalmar da ta riga ta zauna a kunnen mutane, tayar da ita sai an sha wuya.

'Yar Serti:
Yaya ɗan jarida, zo garinmu Serti, inda hedikwatar Gashaka-Gumti take, ka ce “gandun daji na ƙasa” ka ga ikon Allah. Za a tambaye ka, to na saman fa? Don wurin hawa biyu ne. Ɓangaren Gumti shimfiɗaɗɗe ne, ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren Gashaka kuwa duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi mai duhu, a can ƙololuwa kuma sai fili mai ciyawa da sanyi. Mu in an ce na ƙasa, gangare muke ji.

Kuma duk sunan da za ku zaɓa kada ya nuna kamar babu mutane a ciki. Akwai ƙauyuka da rugage da aka bari da sanin hukuma, aka shata musu iyaka, saboda Fulani sun daɗe suna kiwo a kan tuddan nan inda ƙudan tsando bai cika damun shanu ba. Sunayen wuraren ma sun gaya muku: Chappal Hendu, Mayo Kam. Fulatanci ne, dutse da kogi.

Mai fassara:
Madalla da wannan gyara, Hajiya. Wannan matsala ta “ƙasa” ban taɓa jin wanda ya kawo ta ba. To kurmi fa? Kurmin gwamnati?

'Yar Serti:
Kurmin rabi ne kawai. Amma rabin da ya fi daɗin labari ke nan. A can biri mai ganga yake, wanda masana ke cewa cimfanzi. An sa masa sunan ne don yadda yake dukan faffaɗan saiwoyin manyan itatuwa da hannu da ƙafa, ƙarar ta ratsa kurmi kamar ana kiɗa. Ganinsa da wuya. Abin da mai rakiya zai fi nuna maka shi ne shimfiɗarsa: kowace yamma yakan tanƙwara rassa a saman itace ya yi gado, gobe ya yi sabo. Wani lokaci kuma a nuna maka 'yan sandunan da ya fere ya yar a bakin ramin zuma ko gidan tururuwa. Masu bincike sun yi shekaru a sansanin Kwano suna bin sa. Ga ɓauna, ga gwaggon biri, ga dorina a Mayo Kam, tsuntsaye kuwa an lissafa sama da iri 500. Sai dai ba kowane irin wannan wuri ne kurmi ba. Kamuku ta Birnin Gwari daji ne na sarari, ita ma kuma tun 1999 tana cikin jerin na tarayya.

Alaramma:
Ku ba ni dama in sa baki. Me ya hana mu hurumi? Kakanninmu sun san shi tun kafin Bature. Hurumin gari fili ne da ake bari a gefen gari, ba mai noma shi, ba mai gini a ciki, ba kuma wanda zai ce nasa ne, na jama'a ne sarki ke tsare da shi. Asalin kalmar Larabci ne, daga tushen da ya ba mu haram da harami, wato abin da aka yi wa katanga da doka. A fiƙihu ma akwai babinsa, ana ce masa hima. Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina saboda dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza saboda dabbobin zakka. Kun ga ke nan shugaba ya keɓe daji don amfanin kowa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Amurka ta yi nata a Yellowstone a 1872, muka ɗauka daga can aka fara tunanin.

Ɗan jarida:
Allah gafarta Malam, hurumi a yau ya koma bakin lauyoyi. “Kotu ba ta da hurumin sauraron ƙarar.” A wasu garuruwan kuma in ka ce hurumi, maƙabarta za a nuna maka.

Alaramma:
Shi ya sa ba za a bar shi tsirara ba, a ce hurumin daji. Ma'anar kotun ma ai taimako take yi: iyaka ce da ba kowa ke tsallakawa ba.

Tsohon malamin daji:
Ni dai ya yi mini. Kuma ga dalilin da ya sa nake son kalma mai nauyi. Shekarun baya an yi wa madobiya wawa a Taraba, itacen da 'yan katako suka laƙaba wa Madrid. Tirela-tirela ake lodi ana kaiwa tashar jirgin ruwa, a wuce da shi Sin a yi kujeru. Madobiyar nan ita makiyayi ke sassaɓe wa shanu ganyenta da rani in ciyawa ta ƙare. Da na wajen Gashaka-Gumti ya yi ƙaranci, sai injin yankan ya doshi na ciki. Ga masu haƙar ma'adinai, ga masu ɗana tarko, kuma ma'aikatan tsaro sun rasa rayukansu a wannan aiki. Daga 2017 ne gidauniyar Africa Nature Investors ta shiga haɗin gwiwa da hukumar tarayya mai kula da wurin, aka ƙara masu sintiri da kayan aiki. Abin da mutumin Makurɗi bai cika sani ba shi ne, ruwan da ke sauka daga duwatsun nan shi ke cika Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. In an aske kurmin, da damina ambaliya, da rani yashi. Yaron da ya ji “gandu” zai ce ai na gwamnati ne, kowa ya ɗiba. Wanda ya ji “hurumi” ya san an ce kul.

Malamar firamare:
Baba, tsorona ɗaya. Kada kul ɗin ta yi yawa har mutane su zaci an hana shiga. Ai ana zuwa.

'Yar Serti:
Ana zuwa sosai, Anti. Daga Jalingo a bi ta Bali a sauka Serti, nan hedikwatar take, a yanki takardar izini a haɗa ka da mai rakiya. Da rani ake so, kamar daga Disamba zuwa Maris, don da damina koguna kan cika su datse hanya. Mai ƙarfin gwiwa ya hau Chappal Waddi, tafiyar kwanaki ce a ƙafa da 'yan dako da tanti, kuma ya riƙe bargo. Wasu kamun giwan ruwa ke kawo su Mayo Kam. Mai son tarihi kuma ya je ya ga kufan ganuwar Jamusawa a kusa da ƙauyen Gashaka, don yankin nan ƙarƙashin Kamarun Jamus yake kafin Ingila ta karɓa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, bai zama Nijeriya ba sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1961. Hurumin gari ma ai ana ratsa shi, gona ce ba a yi.

Baƙo daga Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. In kun ce “na tarayya” don gudun “na ƙasa”, ku tuna mu a Nijar ba mu da tarayya. Muna kuwa da namu, na W, wanda aka kafa a 1954, ya samo sunansa daga yadda Kogin Kwara ya lanƙwasa a wurin, kuma muna raba shi da Benin da Burkina Faso.

Mai fassara:
To ga inda na tsaya. Sunan jinsin abin, a ko'ina yake a duniya: hurumin daji na ƙasa. In ana maganar na Nijeriya, musamman inda za a bambanta shi da na jiha, a ce hurumin dajin tarayya. Da an ambata sau ɗaya sai a gajarta, Hurumin Gashaka-Gumti, Hurumin Kamuku, Hurumin W. Gandun daji ya tsaya a kan wanda ake yankan katako da lasisi, gandun namun daji kuma ya zauna wa irin su Yankari ta yanzu.

Ɗan jarida:
Zan gwada shi a labarin safe, amma da sharaɗi: zan riƙa biyo shi da gandun daji a jimla ta gaba har kunne ya saba. Saura kuma masu sintirin. Malaman daji za mu ci gaba da ce musu, ko dogaran hurumi?

Tsohon malamin daji:
Malamin daji yana ofis da biro da hatimi. Waɗannan da bindiga suke kwana a dawa. Ku ba su dogaran.