Wane aiki zan sa a GitHub ɗina masu ɗaukar ma'aikata su waiwaye ni?

Nafisa, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Na karanci lissafi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, na yi bautar ƙasa, sannan na shiga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya mai koyar da fasahar zamani, ɓangaren kimiyyar bayanai. Python da SQL dai ina taɓawa. A GitHub ɗina, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, akwai aikin jirgin Titanic, da na furen Iris, da na hasashen kuɗin gidaje, duk daga Kaggle, shafin da ake samun bayanan gwaji. Na tura takardu wurare da dama, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. In ƙara yawansu ne, ko yaya?

Bashir Daura:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki ƙara, ragewa ma za ki yi. Ina cikin masu tace takardun masu neman aiki a wurinmu, da na ga Titanic sai in wuce. Bayanan nan an riga an share su tas, kowa ya yi, ba za su nuna mini ke wace ce ba.

Ga abu a ƙofar gidanki: farashin hatsi. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, tana ajiye farashin kasuwannin Najeriya kyauta a HDX, shafin bayanan ayyukan agaji, har da Jibiya da Dandume. Ɗauki gero da masara kawai, ki yi tambaya ɗaya: a wane wata suke faɗuwa bayan kaka, yaushe suke tashi, kuma wanda ya saya ya ajiye yana cin riba kuwa idan an cire faɗuwar darajar naira?

Nan za ki gane kurenki. Wani layin farashin buhu ne, wani na kilo, wasu watannin fayau babu komai. Ki rubuta yadda kika daidaita awon, da dalilin da ya sa kika cike wani giɓin kika bar wani. Sannan ki sa alama a watan Agustan 2019 da aka rufe iyaka, da Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, da Yulin 2023 da aka yi juyin mulki a Nijar, ki ga yadda Jibiya ta motsa daban da Dandume, in ta motsa. Wannan shi za mu zauna mu yi hira a kansa ranar tantancewa.

Abba Funtuwa:
Malam Bashir ya yi gaskiya, amma kada a raina Excel da Power BI, manhajar zana rahoto daga bayanai. Guraben da suka fi fitowa a nan na ƙungiyoyin agaji ne, sa ido da tantance ayyuka, kuma shugaban sashen ba zai buɗe code ɗin da kika rubuta ba. Shafi ɗaya yake so, zane biyu da bayani gajere. Ki ɗora sakamakon a Streamlit, mai mayar da aikin Python shafin intanet, yadda zai buɗe a waya, ki sa adireshin a saman CV.

Maman Hanif:
Idan harshe ya fi jan ki, duba NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter ne na Hausa da Yarabanci da Ibo da Burokan da aka fitar a 2022. Sai dai fara gama na hatsin tukuna.

Nafisa, Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya Bashir, kwamfutata tsohuwa ce, ga wutar unguwarmu sai a hankali. Za ta ɗauka?

Bashir Daura:
Fayil ɗin ba shi da nauyi. In ta fara nishi, koma Google Colab, inda ake gudanar da Python a kan intanet, kyauta ne kuma aikinki yana nan ko an ɗauke wuta. Idan kin haɗa zanen farko turo shi nan mu duba.