Sau biyu ina bin layin tikiti a intanet ina fitowa hannu rabbana

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba sayen tikitin manyan wasannin mawaƙa ta intanet. A karo na ƙarshe na zauna gaban kwamfuta tun kafin a buɗe sayarwa, aka ba ni lamba da mutum sama da 40,000 a gabana, na shafe awa biyu ina kallon lambar tana tafiyar hawainiya. Da ta sauko ƙasa da 300 sai shafin ya tsaya cak, raina ya ɓaci na sake loda shi, sai ga ni a ƙarshen layi. Mako mai zuwa za a sayar da tikitin ƙarin rana guda. Shin in haɗa waya da kwamfuta in shiga ta ko'ina, ko akwai abin da ya fi haka?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Sake loda shafin nan ne ya ci ki, domin layin yana sabunta kansa ko da kin ga kamar ya daskare, kuma taɓa shi kan sa a ɗauke ki a matsayin sabuwar shigowa. Abu na biyu, a yawancin shafukan nan ana tara waɗanda suka zo kafin lokaci a ɗakin jira, sannan da agogo ya buga a raba musu lamba ta hanyar ƙuri'a. Wanda ya zo da asuba da wanda ya zo minti goma kafin buɗewa duk ɗaya suke. Wanda ya makara ne kawai ake jerawa a baya. Game da na'urori da yawa kuwa, ban ba ki shawara ba, domin asusu ɗaya da ya bayyana a wurare uku yana kama da manhajar 'yan kasuwar bayan fage, ana iya toshe shi. Ki kashe VPN ma, wato manhajar da ke ɓoye inda kike shiga intanet, idan kina da shi.

Amsa ta biyu:
Na yarda da ɗan'uwa, sai dai in ƙara cewa idan kuna da yawa masu son zuwa, kowa ya shiga da asusunsa da na'urarsa, wanda ya fara isa ya saya wa kowa, gwargwadon adadin da aka ƙayyade. Ni inda na fi ganin mutane suna faɗuwa shi ne wajen biya. Tikitin da kika zaɓa na 'yan mintoci kawai ake riƙe miki shi, don haka ki adana bayanan katinki tun ana gobe za a buɗe sayarwa, wayar da banki zai turo wa lambar tabbatarwa kuma ta kasance a hannunki da caji. Kada ki tsaya ruwan ido a kan kujera. Kuma ko an rubuta cewa sun ƙare, ki ɗan ƙara zama, saboda tikitin waɗanda biyansu bai shiga ba yana komawa kasuwa. Ni da kaina haka na samu nawa, bayan na riga na fid da rai.

Amsa ta uku:
Ki yanke wa kanki iyakar kuɗi kafin ki shiga. A watan Agustan 2024, lokacin sayar da tikitin dawowar ƙungiyar mawaƙa ta Oasis a Birtaniya da Ireland, mutane sun yi sa'o'i a layi sannan suka tarar farashin wasu tikitin ya ninka fiye da sau biyu, har hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike. Wanda ya gaji da jira yakan biya abin da bai yi niyya ba. Idan ba ki samu ba, ki jira kafar sake sayarwa ta hukuma, kada ki tura wa baƙo kuɗi a Facebook don hoton tikiti.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Zan shiga da kwamfuta kaɗai, ƙanwata ta shiga da asusunta, kuma a wannan karon hannuna ba zai kusanci maɓallin nan ba.