Anjelfish ɗina biyu sun mutu cikin kwana huɗu, don Allah ina neman shawara

Abban Ikram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu kiwon kifin ado ku taimaka min. Ranar Asabar na sayo anjelfish guda huɗu ƙanana saboda yara, na zuba su a wani ɗan tankin gilashi mai cin lita 20, ruwan famfo na tara a take na juye musu, yau Laraba biyu sun mutu, sauran biyun kuma suna can sama suna ta haki kamar masu neman iska. Ƙaramar 'yata tun safe take kuka, wallahi abin ya dame ni. A ina na yi kuskure?

Maman Hanan:
Wa alaikumussalam, sannu Abban Ikram, Allah ya mayar da alheri. Kafin komai ka ceci biyun nan tukuna. Yanzun nan ka kwashe rabin ruwan ka sa sabo, amma sai ka ɗiga masa maganin kashe kilorin, wato sinadarin da ake sa wa ruwan famfo, masu sayar da kifin ado suna da shi a 'yar kwalba, kuma kar sabon ruwan ya fi na ciki sanyi. Ka daina ba su abinci yau da gobe, yunwar kwana biyu ba ta kashe su. Kana da filta mai tace ruwan tanki ko famfon iska?

Abban Ikram:
Babu ko ɗaya Hajiya, ce min aka yi ba sai da su ba.

Baba Malam mai tarwada:
To nan gizo ke saƙar. Ni tarwada na fara kiwo kafin na zo kan kifin ado, ita tarwada tana haɗiyar iska daga sama shi ya sa take jure ƙazamin ruwa, anjel kuwa ba ta da wannan baiwar. Kashin kifi da ragowar abinci su ne ke zama amoniya, amoniya kuma ƙona gaɓar da kifi ke numfashi da ita take yi, shi ne hakin da kake gani. Abin da ke cinye ta wasu bakteriya ne masu zama a cikin soson filta, su mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin naitiret wanda ba shi da illa sosai, kuma bakteriyar nan ba a kwana ɗaya suke taruwa ba, sai tanki ya yi sati 4 zuwa 6 filta tana aiki. Sabon tanki da kifi rana ɗaya, nan yawancin masu farawa ke yin asara. In kana da wanda ka sani mai tsohon tanki ka roƙe shi ɗan soson filtarsa ka sa a naka, zai rage maka jira ƙwarai. Kuma in za ka wanke soso kar ka kai shi bakin famfo, a ruwan tankin da ka kwashe za ka matse shi.

Maman Hanan:
Gaskiya ne Baba. Sannan lita 20 ɗin nan ta yi kaɗan ko da komai ya daidaita. Yanzu kana ganinsu kamar kwabo, amma in sun girma tsayinsu daga fiffiken sama zuwa na ƙasa yana kai santimita 20, kuma suna iya shekara 10 in sun samu kula. Tanki mai tsayi ake nema, aƙalla santimita 45, kamar lita 110 don guda biyu, in garke kake so ka nufi 200. Asalinsu kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, cikin ruwa mai nutsuwa mai ciyayi da saiwoyi, don haka filtar soso ta fi musu mai feshin ruwa da ƙarfi.

Ɗan Jos:
Yallaɓai ka sayi hita. Digiri 25 zuwa 28 suke so. Bara da hunturu nawa suka fito da fararen ɗigo kamar an barbaɗa musu gishiri, duk don ruwan ya yi sanyi cikin dare.

Yaya Babba Sakkwato:
Ɗan Jos ai garinku daban ne. Mu nan zafi ne damuwarmu, a watan Afrilu ruwa na wuce 32 a ɗaki, kuma ruwa in ya yi zafi iskar cikinsa raguwa take, sai a zo a ɗauke wuta famfo ya tsaya. Ni a ganina famfon iska mai caji ya fi hita muhimmanci, kuma ka nisanta tankin daga taga.

Ɗan Jos:
Ban musa ba Yaya, amma Kano ma da asuba a Janairu sanyi ba wasa. Ya sayi ma'aunin zafi ya manna, shi zai raba gardama.

Abban Ikram:
Na gode ƙwarai, na canja ruwan, ɗayan har ya sauko ƙasa. Yara suna son golfish, zan iya haɗa su?

Baba Malam mai tarwada:
A'a, golfish ruwan sanyi yake so ga yawan kashi. Taiga bab ma kar ka yarda, yagar fiffike suke. Niyon tetra kuma in anjel ta girma cinye su za ta yi, kar kyanta ya ruɗe ka, dangin ƙarfasa ce, in biyu suka haɗu za su yi ƙwai sai ka ga suna korar kowa daga kusurwarsu. Koridoras su ne na ga sun zauna lafiya da nawa, a ƙasa suke kiwonsu. Amma duk wannan ba yanzu ba, kar ka ƙara ko kifi ɗaya sai bayan wata guda.

Maman Hanan:
Abinci sau biyu a rana, abin da za su cinye a minti 2, kuma ka ɓoye gwangwanin daga yara don su ne ke zazzagawa saboda tausayi. Wannan satin kullum ka canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, in babban tankin ya zauna sai ya koma sau ɗaya a sati.

Abban Ikram:
In sha Allah. Gobe zan je wajen mai gilashi a auna min. Baba, ko zan samu ɗan soson nan a wajenka?

Baba Malam mai tarwada:
Ka biyo bayan la'asar, ka taho da leda da za mu sa shi da ruwansa kar ya bushe a hanya.