Muhawara: Shin man birki ne ya fi dacewa da cire fenti daga bindigar wasa?

Mai tambaya, Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wani ɗan'uwana ya bar mini bindigar wasa irin wadda ake kira airsoft, mai harba ƙananan ƙwallayen roba masu faɗin milimita 6. Wanda ya riƙe ta kafin shi ya fesa mata koren fentin gwangwani har hawa uku, yanzu kuma duk ya fara ɓarewa a wajen mariƙi da gindi. Ina so in kankare shi tas, in sake fesa mata ruwan ƙasa. Jiya a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, wani ya ce mini in jiƙa sassan duka a cikin man birki kwana biyu, wai babu abin da ya kai shi cire fenti daga roba, kuma ba ya yi mata lahani. Kafin in aikata, ina neman shawararku.

Mai fentin mota, Suame: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wanda ya faɗa maka haka bai ruɗe ka ba. Duk direban da man birki ya taɓa ɗiga a jikin motarsa ya san yadda fenti yake kumbura ya tattare kamar fatar da ta sha ruwan zafi. Ka nemi man birki mai lamba DOT 3 ko DOT 4, amma ban da DOT 5 mai launin shunayya, domin shi na silikon ne kuma ba ya cin fenti. Ka zuba a kwano, ka nutsar da sassan, ka rufe, washegari ka bi su da tsohon buroshin haƙori. Tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, tana narkar da roba nan take, shi kuwa man birki a hankali yake aiki, shi ya sa muka fi yarda da shi.

Malamin kimiyya, Asawase: Maigida, da dukan girmamawa ga shekarunka a wannan sana'a, na yarda da rabin maganarka ne kawai. Cewa man birki yana cire fenti ba abin musu ba ne, amma cewa ba ya cutar da roba, a nan nake da ja. Kalmar roba da muke amfani da ita ta haɗa abubuwa da yawa waɗanda halinsu ya sha bamban. Jikin bindigogin wasa masu araha galibi da wata roba mai tauri da ake kira ABS ake yin sa, masu tsada kuma da nailan da aka cakuɗa da zaren gilashi. Sinadarin gilaikol da ke cikin DOT 3 da DOT 4 ba ya narkar da ABS a ga ido kamar yadda tina take yi, sai dai ya tsotsu cikinta, ya raunana ta daga ciki, musamman a wuraren da take ɗauke da nauyi, kamar ramin sukuru da haƙoran da ke maƙale sassa biyu. Mutum zai ciro sashen ya ga ya yi fes, ya yi masa fenti, sai ranar da ya zo ɗaure sukuru ya ji ƙas.

Mai fentin mota, Suame: Malam, to ka amsa mini wannan. Ɗan tankin da man birki yake zama a cikinsa a gaban mota, ai na roba ne, kuma yana shekara da shekaru cike da man ba tare da ya tsage ba. Galan ɗin da ake sayar da man a ciki shi ma roba ne. In da yana cin roba, da tuni mun gani.

Malamin kimiyya, Asawase: Tambayarka mai kyau ce, Maigida, kuma a cikinta amsar take. Masu ƙera mota sun zaɓi irin robar da man birki ba ya iya shiga, wato dangin folifurofilin da folietilin da nailan, don wannan aiki takamaimai. Ba za ka taɓa samun tankin birki na ABS ba. Saboda haka idan sashen bindigar na nailan ne, wataƙila ya fito lafiya daga kwanonka, amma idan na ABS ne, caca aka yi da shi. Matsalar ita ce ƙaninmu bai san wanne ne a hannunsa ba tukuna, kuma sau da yawa bindiga ɗaya tana haɗa iri biyu ko uku.

Mai gyaran babur, Alabar: Ni zan ba da shaida a kan abin da na gani da idona. An kawo mini babur wanda tukunyar birkin hannunsa take yoyo kaɗan-kaɗan, man yana gangarawa kan murfin robar da ke ƙasan fitila. Na gyara yoyon, na goge murfin, ban ga komai ba sai ɗan dusashewar launi. Bayan kamar mako uku mai babur ya dawo, sai ga tsagu siri-siri sun kewaye ramin noti kamar saƙar gizo-gizo, kuma da na sa yatsa na danna, kunnen murfin ya ɓalle a hannuna kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Babur ɗin bai faɗi ba, babu abin da ya buge shi. Ni na biya kuɗin sabon murfi, domin na kasa gamsar da mutumin cewa ba ni na fasa ba. Tun daga ranar nake rufe robar babur da tsumma kafin in buɗe tukunyar birki.

Mai gyaran waya, Adum: Yayana, abin da zan ba ka shawara a kai shi ne sifirit ɗin da muke wanke allon waya da shi, wato isofurofil mai ƙarfin kashi 99 cikin ɗari. Na kemis mai ƙarfin kashi 70, ruwa ya yi masa yawa, ba zai yi maka aikin kirki ba. Yana sassauta yawancin fentin gwangwani cikin 'yan sa'o'i, yana bushewa ba ya barin maiƙo, alhali man birki yana barin santsi wanda idan ba a wanke shi sosai da sabulu ba, sabon fenti ba zai kama ba. Sai dai yana kama wuta da sauri, don haka a yi aikin a tsakar gida, nesa da murhu, kuma ko shi kada a bar ABS ta kwana a ciki.

Hajiya mai sabulu, Aboabo: 'Ya'yana, ni ban san bindiga ba, amma sodar da muke haɗa sabulu da ita tana cire fenti, kuma a bokitin roba muke dama ta ba tare da ta ci bokitin ba. Me ya hana a gwada ta? Abin lura kawai, soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, kuma dole a sa safar hannu a kare ido.

Mai fentin mota, Suame: Hajiya, ga roba zalla maganarki daidai ce, amma a nan ni da Malam bakinmu zai zo ɗaya. Abin da ake kira ƙarfe a jikin waɗannan bindigogi yawanci alminiyam ne ko gaurayen tutiya, kuma soda tana cin su duka biyun, kamar yadda kika sani ba a dama ta a tukunyar alminiyam. Sashen zai yi kumfa, ya yi baƙi, ya fito da ramuka.

Malamin kimiyya, Asawase: Haka ne, kuma kumfar nan iskar haidurojin ce mai kama wuta. Ga sassan ƙarfe, tina ko asiton, wato ruwan goge jan farce, sun wadatar, bayan an cire duk wata roba daga jikinsu. Idan baƙin alminiyam ya ƙi fita, mai yiwuwa rini ne da aka shigar cikin fatar ƙarfen da lantarki, ba fenti ba, sai a bar shi a fesa a kansa. Ina kuma gargaɗi game da maganin cire fenti mai kauri wanda ke ɗauke da daikuloromitan: jiki yana mayar da tururinsa iskar kabon monoksaid mai guba, ya kashe mutane a rufaffun ɗakuna, har Amurka ta hana sayar da shi ga jama'a a 2019, bayan Tarayyar Turai ta riga ta. Ɗana, ga gwaji mai sauƙi. Ka kwance bindigar, ka ware injin, da 'yar na'urar lantarkin da ke juya shi, da batir, da 'yar robar da ke bakin bututu, ka ajiye su nesa da kowane sinadari. Sannan ka ɗiga asiton a ɗan auduga, ka taɓa cikin kowane sashe inda ido ba ya gani. Wanda ya yi danƙo ABS ne, wanda bai motsa ba kuwa mai yiwuwa nailan ne.

Dattijo, Aboabo: Na saurare ku duka, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ɗana, idan bakin bindigar nan yana da launin ruwan lemo, don Allah kada ka kankare shi, kada kuma ka rufe shi da fenti. Wannan launi shi ne alamar da ke nuna wa mutane cewa ta wasa ce. A 2014, a birnin Kilibilan na Amurka, ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, yana riƙe da irin wannan bindiga wadda aka cire wa wannan alama. Mu da muke zaune a zango mun san yadda ake kallon samarinmu da dare. Ka naɗe bakin da tef kafin ka fesa komai, kuma kada ka fita da ita kan titi sai a cikin jaka.

Mai tambaya, Aboabo: Baba, na ji kuma na ɗauka, bakin zai zauna da launinsa. Na yi gwajin da Malam ya faɗa bayan La'asar. Gindin da murfin batir sun yi danƙo har audugar ta maƙale, mariƙin bai nuna komai ba, bututun waje kuma ƙarfe ne marar nauyi wanda maganaɗisu bai kama ba.

Mai fentin mota, Suame: To ƙanena, gindin da murfin batir kada su kusanci man birki, na janye maganata a kansu, kodayake ga mariƙin har yanzu ina kan bakana. Ni a ganina ba sai ka kai ga robar tsirara ba. Ka goge inda ya ɓare da sanfefa mai lamba 400 da ruwa, ka bi da mai lamba 600 har sai yatsanka ya daina jin gaɓa, ka wanke da sabulun wanke kwano, ka bar shi ya bushe sarai. Ka kawo mini sassan ranar Asabar da hantsi in ba a yi ruwa ba, domin fenti yana yin hazo idan iska ta yi laima, in nuna maka yadda ake fesa hawa na farko siriri.