Zuwa Bincike a Waje Lokacin Damina: Ina Ne Ke Karɓar Namu?

Ƙaninku na Ringim: Salamu alaikum. Ɗalibin aji uku a Jami'ar Tarayya ta Dutse (FUD) ko jami'ar Wudil, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa in yana son 'yan watanni a ɗakin bincike a waje?

Malam na Wudil: Wa alaikumus salam. Ka fara gyara lissafin lokaci. Hutun zafin Turawa, Yuni zuwa Agusta, daminarmu ce, amma tun da hunturu ake rufe karɓar takardu. Wanda ya jira ruwan shuka ya makara. CERN, cibiyar binciken fiziks ta ƙasashen Turai da ke Janeba, na ɗaukar masu fiziks, lissafi, kwamfuta da injiniyanci, har daga ƙasashen da ba mambobi ba. Wajen ƙarshen Janairu suke rufewa. Sai ka cika zango shida kafin tafiya, sannan malamai biyu su rubuta maka wasiƙar shaida.

Anti Dakta: Kada ku ɓata data kan DAAD RISE, shirin binciken hutu na Jamus, na ɗaliban jami'o'in Amurka, Kanada, Birtaniya da Ailan ne. REU, irin wannan shiri na Amurka, kuma galibi sai ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin. Ku fara karanta sharaɗin cancanta kafin komai.

Yaya Injiniya: Ni KAUST zan nuna maka, jami'ar kimiyya da fasaha ta Saudiyya, a Thuwal, arewa da Jidda. Shirinsu na baƙin ɗalibai masu bincike, VSRP, wata uku zuwa shida ne, da masauki da tikiti da dala 1,000 a wata, kuma duk shekara ana nema. Sai dai maki 3.5 da suke so bisa ma'aunin 4 ne, namu bisa 5. Mai 3.5 a nan bai kai ba. Kuma aikin wani farfesa takamaimai ake zaɓa, don haka ka karanta takardunsa biyu ko uku, ka faɗi dabarar da ka iya wadda aikin ke buƙata. "Ina da sha'awar bincike" ba ta ɗaga kowa.

Ƙaninku na Ringim: To Yaya, zangon karatu fa? Kalandarmu ba ta tafiya da tasu.

Malam na Wudil: Nan ne gizo ke saƙar. Ka daidaita tafiyar da watannin SIWES, wato na koyon aiki a ma'aikata, ka nemi amincewar shugaban sashe a rubuce kafin ka karɓi gurbi, in ba haka ba ka dawo ka tarar da kwasa-kwasai a wuyanka.

Anti Dakta: Akwai OIST, jami'ar kimiyya da fasaha a Okinawa ta Japan, ana rufe nema 15 ga Afrilu da 15 ga Oktoba. Japan ta riga mu da awa takwas, ƙarfe 12 na darensu ƙarfe 4 na yammarmu ne, bayan la'asar an rufe. Masu sabis ɗin ƙauye su shiga gari su tura da saura kwana uku. Malamai kuma a ba su wata guda, a tuna musu su duba imel, don can ake aiko musu da mahaɗin ɗora wasiƙar.

Yaya Injiniya: Fasfo tun yanzu. Sunan NIN, na fasfo da na takardar sakamako su zama ɗaya harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya cinye maka makonni wajen gyara. Ga katin allurar shawara ma, a haɗa shi da fasfon.

Ƙaninku na Ringim: Allah ya saka da alheri. Gobe ranar kasuwa ce, in na shiga gari zan fara da ofishin NIN.