Mi za mu ce wa "orthodromie" da Hausa?

Ƴan uwa ina neman taimako. Ƙanena na lise ya taho da darasin jiyografi, wai orthodromie, wato nisa mahi gajarta tsakanin wuri biyu bisa doron duniya, irin wanda ake lissahin tahiyar jirgi da shi. Misalin da na ba shi hilin jirgin Longyearbyen na tsibiran Svalbard can arewacin Norwe, da na Utqiagvik a ƙarshen Alaska. Kusan kilomita 3,400 ne, amma in ka duba taswira shimfiɗe sai ka ɗauka yamma za a miƙa, alhali hanyar arewa taka yi, ta gilma dab da ƙoƙuwar duniya ta sauka ɗaya gehen. Na yi bayani har na gaji, kalma guda ta gagare ni.

Mushe Sani: Tashin tsuntsu mana, tunda à vol d'oiseau aka cewa.

Mai tambaya: Mushe wannan faransanci ne aka sa ma hula. Kuma wane tsuntsu? In jan baki ne cikin gonar hatsi ai sai an zagaye Tibiri sau ukku kahin a isa.

Hajiya Rabi: Ku ce miƙaƙƙen nisa ku huta.

Mushe Sani: Hajiya nan gizo ke saƙa, layin ba miƙaƙƙe ba ne bisa taswira, lanƙwasa yake kamar baka. Ni da nike koyarwa kankana nika ɗauka in kahe tsinke biyu in ja zare tsakaninsu ya ɗame, inda zaren ya kwanta nan ne hanyar, don haka in ba ku son tsuntsu to nisan zare.

Baba Direba: Ku yara kuna wahal da kanku. Mu a tasha yanke muka cewa. Maraɗi zuwa Agadas in ka bi ta Damagaram da Tanut sai ka doshi kilomita 700, mai jirgi ko yanke yaka yi bai cika 400 ba. Agadas zuwa Dirku ma wajen 560 ne ta sama, amma ka tambayi wanda ya keta Tenere bisa bayan babbar mota kwana nawa ya yi.

Mai tambaya: Baba wallahi ka kawo ta. Zare na da kyau wurin nuna ma yaro, sai dai in na ce ma tsohuwata nisan zare za ta ce na wace masaƙa, yanke kuwa kowa ya san shi.

Hajiya Rabi: Amma hwa jirgi ba kullum yaka bin yanken ba, akwai iska, akwai ƙasar da ta ruhe samaniyarta, ku tuna watan Agusta 2023 da aka ruhe tamu ta Nijar, jiragen Turai masu zuwa kudu sai da sunka riƙa zagaye.

Mushe Sani: Gaskiya ne, shi ya sa kalma biyu za a yi, nisan yanke na lissahi, nisan tahiya wanda jirgin ya ci da gaske. Na janye zarena. Saura mille marin, wato mil na teku mai mita 1,852, shi ma matuƙan jirgi da shi suka awo.

Baba Direba: Wannan sai bayan la'asar Mushe, lodi ya cika.