An gayyace ni kallon finafinan ban tsoro a Pittsburgh: in je ko in noƙe?

Bakatsine a Pittsburgh:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da zuwana Amurka karatu, kuma tun da Oktoba ya kama unguwarmu ta sauya kama. Daren farko ina dawowa daga ɗakin karatu wajen sha ɗaya, na sha kwana sai na yi kiciɓis da ƙwarangwal a tsaye ƙofar gidan maƙwabcina, ya fi katanga tsawo, idanunsa na walƙiya. Wallahi ban san lokacin da Ayatul Kursiyyu ta fito daga bakina ba. Da gari ya waye na ga ashe roba ce, har sun sa masa rigar Steelers, ƙungiyar ƙwallon garin. Gida na gaba kuma kaburburan kwali ne a kan ciyawa, da kabewa an fafe ta an yanka mata ido da haƙora.

Abokan karatuna su huɗu suna da al'ada: fim ɗin ban tsoro ɗaya kowane dare, daga 1 ga wata har 31, ranar Halowin. Ɗayarsu har jadawali ta liƙa a jikin firij. Mutanen garin nan kuma alfahari suke da abin, don George Romero a nan yankin ya ɗauki Night of the Living Dead na 1968, fim ɗin gawawwaki masu tashi suna cin mutane. Maƙabartar da aka buɗe fim ɗin da ita tana Evans City, arewa da gari, kuma suna so mu je mu yi hoto ranar Asabar. Hoto a maƙabarta fa!

Sau uku suna gayyatata ina kawo uzuri, uzurin ya ƙare. Me suke ji a ciki ne har mutum zai sayi tsoro da kuɗinsa? Kuma idan na je kallon, na shiga bikinsu ke nan?

Maman Ummi, Maryland:

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da baƙunta. Ni ma shekarar farko sai da na tsallake titi saboda wata mayya ta roba da aka rataye a bishiya.

Asalin abin daga Ireland da Scotland ne, bikin ƙarshen kaka da suke kira Samhain, lokacin da suka ɗauka matattu na kusantar masu rai. Daga baya coci ta sa ranar tunawa da waliyyanta a 1 ga Nuwamba, daren jajiberinta shi ne Halowin. 'Yan Ireland da yunwa ta koro a shekarun 1840 suka ƙetaro da shi nan. Amma ka tambayi maƙwabcin naka mai ƙwarangwal, da wuya ya iya ba ka wannan labarin. Shi dai ado ne da alawa da kasuwa.

Abin da zai amfane ka: daren 31, idan ka bar fitilar ƙofar gida a kunne, yara za su yi ta ƙwanƙwasawa suna neman alawa. Ka kashe, ba wanda zai dame ka, ba kuma wanda zai ji haushi. Mu kashewa muke yi, masallacinmu na shirya wa yara wasanni a wannan daren don kada su zauna suna leƙen taga. Washegari alawar takan faɗi warwas a kanti, sai dai ka duba bayan leda, masu taunar nan da yawa akwai jelatin na alade.

Maƙabarta kam kada ka je yin hoto. Kallon fim kuwa kai ka san zuciyarka.

Ɗan Fagge:

Malam ka je mana! Mu da muke Kano ba kaka ba kabewa muna kallo, bare kai da kake gidan abin. Mu a finafinan 'yan gidan Ramsay na Indiya muka buɗe ido, irin su Purana Mandir, a gidan kallo ana zaune kan benci, dodo na fitowa yaran gaba su watse.

Ka ce su fara maka da Halloween na John Carpenter, 1978. Kuɗin da aka kashe bai fi dala dubu 300 da ɗoriya ba. Fuskar da makashin ke sawa, ta Kyaftin Kirk ce na shirin talabijin ɗin Star Trek, suka sayo a kanti suka fesa mata farin fenti suka buɗa idanun. Labarin a Illinois yake cikin kaka, amma a California aka ɗauka kuma ba lokacin kaka ba, sai da suka yi wa ganye fenti suna watsawa a titi, a gama ɗauka a tattara a buhu a kai wani wurin. Kiɗan ma Carpenter ne ya haɗa da kansa. Jini kaɗan ne a ciki. Abin da ke kama ka shi ne mutumin yana tsaye can a baya, yarinyar ba ta gani ba, kai ka gani, kuma ba halin ka gaya mata.

Daɗin da kake tambaya kuwa, ka tuna tatsuniyar Dodo da dare a tsakar gida. Wa ya taɓa tashi ya ce tsoro yake ji a daina? Matsowa muke yi jikin kaka mu ce a ci gaba.

Abu Hafsa:

Ɗan uwa, abu biyu ne kada ka haɗa su. Bikin yana da asali a aƙidar da ba tamu ba, nisantarsa shi ne kuɓuta: ba shigar dodo, ba taron daren 31. Fim kuma ana duba abin da ke cikinsa, kuma da yawansu akwai tsiraici da wasa da sihiri. Ka kuma kula da abin da kake zuba wa zuciyarka kafin barci, kai kaɗai a ɗaki a ƙasar mutane. Kada ka bar azkar.

Bakatsine a Pittsburgh:

Na gode muku duka, Allah Ya bar zumunci. Anti, maƙabarta ban je ba. Malam, na gaya musu daren 31 ba da ni ba, ba su ce komai ba, ɗayansu ma cewa ya yi gugguru zai fi auki.

Kallo dai na je, dare biyu. Na farko na Ɗan Fagge aka sa. Gaskiya dariya na riƙa dannewa. Mutum ɗaya da wuƙa yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, unguwa guda ta gagara tare shi? A Katsina ihu ɗaya za a yi, 'yan sintiri su gama da shi kafin a kira 'yan sanda. Su kuwa har da rufe ido da matashi. Daga baya wata ta ce min tana 'yar shekara 14 take rainon yaran maƙwabta da dare, ita kaɗai a gidan da ba nasu ba, gida na kusa kuma ko ta yi ihu ba lallai a leƙo ba. Sai na daina dariyar.

Dare na biyu suka sa The Exorcist na 1973, suna cewa ai ya tsufa, abin dariya ne yanzu. Ba wanda ya gaya min da kiran salla ake buɗe shi, a arewacin Iraƙi. Tun nan na gyara zama. Da yarinyar ta soma magana da muryar ƙato, su suna ta sheƙa dariya wai aman miyar wake ce aka haɗa, ni kuwa na koma layinmu ina aji uku na sakandare. Wata yarinya ce ta faɗi a islamiyya, aka kawo ta gida ana mata ruƙiyya, maza huɗu na danne ta tana watsar da su, muryar da ke fita daga bakinta ba tata ba ce. Ina leƙe ta tagar zaure har yayana ya finciko ni. Su a wurinsu fim ne. Na ce kaina ke ciwo na fito saura kusan rabin awa.

Hanyar gida dole ta gaban ƙwarangwal ɗin nan na bi, ko kallonsa ban yi ba, shi ba ya cikin lissafi. Na kwana fitila a kunne, Baƙara na tashi a waya har asuba, kuma a karon farko na ji daɗin cewa nan ba a ɗauke wuta.

Ɗan Fagge, jadawalin ya nuna gobe na gawawwakin Romero ne. Akwai aljanu a ciki? In babu zan je.

Ɗan Fagge:

Babu ko ɗaya, gawa ce zalla, kuma baƙi da fari ne. Ka lura da jarumin, Duane Jones, baƙar fata ne a 1968. Kada ka fita kafin ƙarshe wannan karon, minti biyar na ƙarshen ne fim ɗin.